Hannu Ɗaya a Kan Sitiyari

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, motocin da ke kwana a Dutsin-Ma ba su fi a ƙirga su da yatsu ba, kuma kusan dukkansu ta hannuna suke bi idan sun lalace. Ni ne bakaniken garin. Na koyi aikin a Kano, shekara tara a garejin wani kamfanin sayen gyaɗa, na dawo gida da akwatin sifanu da girman kan da ya fi akwatin nauyi. Garejin nawa ba wani abu ba ne illa inuwar wata tsamiya a bakin hanyar Katsina, da rumfar kara, da sarƙar ɗaga inji da na rataya a reshe. Ba ni da yawan magana, amma ina da saurin fushi, kuma ba na son a koya mini aikina.

A cikin motocin nan akwai ɗaya da ba ta yi kama da kowacce ba. Ƙarama ce, koriya, cikinta yana kusa da shafar ƙasa, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Irin wadda Turawa ke ƙerawa don gudu da nishaɗi. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ne ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Mutane sun yi ta dariya a bayan idonsa, wai mai hatsi ya sayi motar da ko buhun gero ɗaya ba ta ɗauka. Shi kuwa ko a jikinsa. Duk ranar kasuwar Kurfi sai ya saka babbar riga, ya shige motar, ya tuƙa kansa har rumfarsa a layin 'yan hatsi, ya dawo bayan la'asar.

Ba don gudu ya saye ta ba. Shekara uku kafin nan ya yi wata jinya da ta kwantar da shi wata biyu, ya tashi hannunsa na hagu ya shanye. Ba duka ba: yana iya ɗaga shi kaɗan, yana iya tura abu da tafin, amma yatsun ba sa riƙo. Mutanen gidansa suka ce zazzaɓi ne, kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, magana ta tsaya nan. A wurinmu ba a ambatar nakasar babba, ko a gabansa ko a gaban nasa. Shi ma sai ya saki hannun rigar a gefen hagu, ya daina naɗe shi a kafaɗa. Ya bar tuƙa a-kori-kurarsa, aka ɗauko masa direba, kuma duk wanda ya san shi ya san zaman kujerar gefe yana cin ransa. Mutum ne da ya fara fatauci da jaki ɗaya, bai saba a kai shi wuri ba.

Koriyar motar nan tana da abin da ban taɓa gani a wata mota a yankinmu ba a lokacin: famfon da ke taimaka wa sitiyari. Ɗan abu ne da bai fi ƙwaryar fura girma ba, a manne a jikin inji. Bel yana juya shi, shi kuma yana tura mai ta cikin tiyo zuwa ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba, sai sitiyari ya yi laushi har a iya juya shi da hannu ɗaya. Lokacin direba a dama yake zama, giya a hagunsa. Alhaji sai ya riƙe sitiyari da dama, ya ɗora hagun a kan giya yana turawa da tafi. Daga waje ba ka ganin komai sai dattijo yana tuƙi cikin isa. Ba a jima ba aka fara cewa, a Kurfi da Dutsin-Ma, hannun Alhaji ya warke, tunda ga shi yana tuƙa kansa. Ni na san bai warke ba, domin ni nake duba motar, kuma fatar da aka naɗe sitiyarin da ita gefen dama kaɗai ta goge. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata.

Wata bazara injin ya buga a kusa da Birchi. Ruwan lagireto mai sanyaya inji ne ya tsiyaye bai lura ba, ya yi ta tafiya har motar ta tsaya da kanta. Aka jawo mini ita da igiya. Na buɗe na ga babu abin gyarawa, cikin ya fashe. Na tafi Kano na yi kwana huɗu ina yawo wurin masu kayan mota, wasu ma ba su taɓa jin sunanta ba. Abin da na samu shi ne injin wata babbar mota ta kamfani ɗaya da tamu, wadda ta kife a hanyar Zariya. Jikinta ya tashi daga aiki, amma injin lafiya lau. Namu mai fulogi huɗu ne, wannan shida. Na auna bayansa na ga zai haɗu da giyar motarmu, sai na sa aka ɗora shi a wata motar gyaɗa da za ta dawo ba kaya.

Shigar da shi ya ci mini mako biyu. Na matsar da lagireto gaba, na mayar da batir baya wurin ajiye kaya, na daddake jikin motar ta ciki da guduma har inda ƙarfen ya yarda. Ya zauna da ƙyar, kamar ƙato a rigar ƙanensa. Saura famfon. Wurin da yake zama a tsohon injin, a sabon nan dainamo mai cajin batir ne ya tare shi. Ɗaya gefen kuwa bai fi yatsa uku tsakanin inji da jikin mota ba.

Abin da kowane bakanike zai yi a Kano shi ne ya cire famfon, ya toshe tiyon, ya ce wa mai mota ya riƙa cin tuwo ya ƙoshi kafin ya hau. Na gaji, zafi ya ishe ni, sai na ce wa ƙanen Alhaji ya gaya masa haka za a yi. Shi ne ke zuwa duba aikin kullum, wani malami mai sanyin hali. Na san abin da nake faɗi, ba mantuwa na yi ba. So nake a ce mini a fili ga dalilin da ya sa ba za a cire ba, in ji ni ma an ɗauke ni mutum, ba mai ɗaure noti kawai ba. Malamin ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce zai isar.

Washegari Alhaji ya zo da kansa, a ƙafa, abin da bai taɓa yi ba. Na shimfiɗa masa tabarma muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya yaba girman injin. Sai da ya tashi tafiya ya nuna famfon da haɓa, yana ajiye a kan wani tsohon buhu.

"Abin ga, a maida shi, mai gareji. Na saba da shi."

"Babu wuri, Alhaji, ranka ya daɗe."

"A nemo mashi wuri."

Na ji kunya a ranar, domin na gane na sa dattijo ya tako rana ya roƙi abin da bai kamata a bari ya roƙa ba.

Na yi kwana uku ina kallon injin ba na taɓa komai. Hanya ɗaya na gani: in ɗaga famfon sama da dainamo, inda bonet, murfin injin, ya ɗan yi tudu. Sai dai babu abin da zai riƙe shi a can, dole a ƙera masa mariƙi, kuma ba mu da mai walda. Na yanka siffar da nake so da kwali, na hau keke na tafi Makera wurin wani tsohon maƙeri mai yin garma da gatari. Ya juya kwalin gaba da baya, ya tambaye ni ko sabon tarkon gafiya ne aka shigo da shi daga Kano. Na ba shi ɓallen ƙarfe daga sifirin wata babbar mota ya ƙera da shi.

Shi ba ya aiki da ma'auni. Da yatsa da ɗan kara yake awo, kuma yatsunsa sun ninka nawa kauri. In na ce yatsa huɗu, abin da zai fito shida ne a nawa. Na farko ya yi tsawo, bonet ya ƙi rufuwa. Na biyu ramukan noti ba su hau ba. A na uku na zauna a maƙerar tun safe har azahar, ni ke zuga wuta, ina ƙorafi yana mini dariya, yana cewa shekara arba'in yana ƙera garma babu gonar da ta taɓa dawo masa da ita. Ya fito daidai. Har yau ban ga aikin kamfani da ya fi wannan ƙarfen tauri ba, ko da yake muninsa ba a magana.

Bel mai tsawon da nake so babu, sai na injin niƙa na samu. Tiyo ya gaza, na ciro wani daga wata tsohuwar motar gyaran hanya. Don bel kada ya riƙa ficewa, na ja zare daga fulin inji zuwa na famfo, wato faifan da bel ke hawa, na yi ta cusa 'yan siraran ƙarafa a bayan mariƙin har zaren ya miƙe sak. Ranar da na tayar da ita, na sa hannu na juya sitiyari, ya bi ni salin-alin.

Amma hankalina bai kwanta ba. Sabon injin ya fi tsohon nauyi nesa ba kusa ba, kuma duk nauyin a kan tayoyin gaba yake. A hannuna laushi ne, to amma ni ɗan shekara talatin ne mai ɗaga rabin inji shi kaɗai. Abin da na kasa sani shi ne ko laushin ya ishi hannu ɗaya na mai shekara sittin, a cikin yashi, mota tana tafiya a hankali. Ba ni da bakin tambayar Alhaji. Ba na kuma iya ce masa ya zo ya gwada, domin in ta ƙi masa, a gabana za ta ƙi. Na ɗan taɓo maganar a kaikaice wurin ƙanensa, ya ce Allah ya sa wa aikin albarka, ya wuce masallaci.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na fita bayan gari, na ɗora hagu a cinya. Bai yi ba. Duk kwanar da ta zo sai in tarar hannun ya tashi da kansa ya kama sitiyari kafin in ankara. Na danne shi a ƙarƙashin cinya, ya fito. A ƙarshe na samu tsumman rawani na naɗe yatsun a dunƙule, na ɗaure wuyan hannun da mazagin wandona, na bar tsawon da zai kai giya kawai. Na saka riga mai faɗin hannu na rufe.

Nan na gano abin da hannu biyu ba zai taɓa gaya mini ba. In na karya kwana sosai a hankali, bel ɗin yana zamewa, ya yi 'yar ƙara, sitiyarin ya daskare na ƙiftawar ido. Mai hannu biyu zai danne ya wuce bai ma lura ba. Mai ɗaya kuwa sai ya tsinci kansa a cikin dangar wani. Ni ma a ranar na shiga gonar wani, Allah ya sa bazara ce babu shuka. Na koma Makera na sa maƙerin ya tsawaita ramin noti ɗaya don in samu damar jan bel ya ɗauru sosai. Na kuma ɗan ɗaga wa injin silo, wato yadda yake kaɗawa in ba a taka mai ba. Ƙarar ta ɗauke.

Kwana biyu ina gwaji a hanyoyin da ba kowa sai makiyaya daga nesa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, kuma da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma akwai wuri ɗaya da na san shi ne ainihin jarrabawa: shiga layin 'yan hatsi a kasuwar Kurfi. Kwana ce matsattsiya tsakanin wata rumfa da bakin rijiya, yashi har idon sawu, kuma ranar kasuwa jakuna da mutane ba sa barin ka taka mai. In ta yi a can, ta yi ko'ina. Na ce a raina gwajin da ba ranar kasuwa aka yi ba, ba gwaji ba ne. Ban shawarci kowa ba, dama ba halina ba ne.

Na tafi da hantsi, rufin a naɗe saboda zafi. A hanya ta nuna mini abin da fulogi shida ke iyawa, har na tsorata na saki mai. Na isa Kurfi, na shiga kwanar da hannu ɗaya, ta bi ba gardama. Na tsaya daidai gaban rumfar Alhaji, inda yake tsayawa, domin nan kaɗai ne fili. Mutane suka taso sun ɗauka shi ne, don sun fi wata ba su gan shi ba. Wani dattijo, maƙwabcin rumfarsa, ya miƙo mini hannu. In babba ya miƙo maka hannu, da biyu kake karɓa. Jikina ya yi abin da ya saba, hagu ya yunƙura zai bi dama, mazagin ya riƙe shi, hannun rigar ya zame. Ga dunƙulen hannu a naɗe da tsumma, a ɗaure da ƙugu, a cikin motar Alhaji, a kujerarsa, a gaban rumfarsa.

Sai wani mai awo can baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Dattijon ya saki hannuna a hankali, ya tambaye ni ko ciwo na ji a wurin aiki. Mafita ya ba ni, sai daga baya na gane. Da na ce e, da kowa ya ce sannu an wuce wurin. Amma ni a lokacin a cike nake da alfaharin aikina, kuma dariyar nan ta ba ni haushi. Sai na ce lafiyata ƙalau, gwaji nake yi, ina so in tabbatar sitiyarin zai juyu da hannu ɗaya kafin in mayar wa mai ita. Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Na kwance tsumman a bayan gari na dawo. Labarin ya iso Dutsin-Ma tare da motocin 'yan kasuwa kafin magariba, kuma kashi biyu ya iso. Wasu suka ce bakanike ya je Kurfi yana kwaikwayon Alhaji. Wasu, waɗanda suka fi hankali, suka ce ashe hannun bai warke ba, motar ce ke rufa masa asiri. Na farkon ƙarya ne, ina iya rantsuwa in wanke kaina. Na biyun ne ba ni da abin yi da shi.

Ƙanen Alhaji ya zo da safe. Ban taɓa ganin ransa a ɓace ba sai ranar, kuma ko a ranar bai ɗaga murya ba. Ya ce fiye da shekara uku suna kaffa-kaffa da abin nan, a gidan ba mai miƙa wa Alhaji ko kofin ruwa ta gefen hagu, ni na ɗauka na kai kasuwa na baje. Na shiga bayanin bel da yashi da danga, raina yana tafasa, ina cewa da ban gwada ba da wata rana a rijiyar Kurfi za a ciro shi. Ya saurare ni har na gaji, ya ce duk ya yarda. Sannan ya ce Alhaji yana so a kai masa motar bayan la'asar.

Na wanke ta na kai. Ƙofar gidan akwai fili mai yashi, inda ake sauke buhuna, ranar kuwa an sallami kowa, daga shi sai ƙanensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har ya tambayi iyali. Ya sa na buɗe bonet, ya daɗe yana kallon mariƙin, ya tambayi wanda ya ƙera shi, na faɗa masa. Sannan ya shiga ya tayar. Ya zagaya filin sau biyu, ya yi baya, ya karya kwana har ƙarshe a cikin yashin, ya tsayar da ita daidai inda ya ɗauke ta. Ko sau ɗaya bel bai yi ƙara ba. Ya kashe, damansa a kan sitiyari.

"Ya yi laushi," in ji shi. "Ya ma fi da."

"Alhamdu lillahi, Alhaji."

"An ce mani da hannu guda ka gwada ta."

"Haka ne, ranka ya daɗe. A gafarce ni, ba da wata manufa na yi ba."

"Na sani. Kai aikinka ka yi." Ya sauke hannunsa daga sitiyarin. "Da, in na shiga Kurfi, motar suke kallo. Yanzu hannun za su kalla."

Ya fito, ya miƙa wa ƙanensa makullin, ya shiga gida.

Ranar kasuwa ta gaba ina kwance ƙarƙashin wata babbar mota na ji ƙarar injin nan, na leƙo. Tsohon direbansa ne a kan sitiyari, ya riƙe da hannu biyu, Alhaji a gefe yana kallon gabansa. Da suka zo daidai tsamiyar ya ɗaga mini dama kamar yadda ya saba. Ya ci gaba da aiko mini da motocinsa, bai taɓa canja mini fuska ba, bai sake ta da maganar ba. Ni kuwa da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya rayu shekara shida bayan nan. Duk wata ana kawo mini koriyar motar in duba mai da bel, kuma famfon bai taɓa ba da matsala ba. Alhaji bai sake zama a kujerar direba ba.